Ƙona takardar zunubi da sa hannu a katin alkawari: ya dace mu rufe ajin almajiranci da su?

Istifanus:
Salama gare ku duka, iyaye da 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin kwamitinmu ya zauna ranar Asabar. Ajin almajiranci na bana zai ƙare a mako na biyu na Disamba, kuma za mu fita da ɗaliban kwana biyu kamar yadda aka saba. Yawancinsu 'yan aji ɗaya da aji biyu ne a jami'a. Shugabannin ɗaliban sun kawo tsarin daren ƙarshe kamar haka: kowa ya rubuta zunubin da ke damunsa a takarda, ya kafa ta da ƙusa a jikin gicciyen katako, bayan addu'a a tattara takardun a ƙona. Sai a raba kati, kowa ya sa hannu cewa ya miƙa ransa ga Yesu, zai tsare kansa daga fasikanci har aure, kuma zai je duk inda Ubangiji ya aike shi. Daga nan shugabanni su wanke wa ƙananan ƙafa, a kunna kyandir, a rufe da addu'a. Mutum biyu a kwamiti sun ce ba da su ba. Na ga waɗanda irin wannan daren ya taimaka wa, shi ya sa ban yi saurin sokewa ba. Amma waɗanda suka ƙi ɗin ma masu tsoron Allah ne. Me kuka gani?

Mama Rifkatu:
Istifanus ɗana, sannu da aiki. Ni tambayata ta uwa ce. Da dare? Da wuta, da alkawari, da sa hannu? Ka sake karanta abin da ka rubuta kamar kai ne uban yaron da ke zaune a Langtang ko Kafanchan, aka ce maka ga abin da za a yi da ɗanka. Abin da muke jan kunnen 'ya'yanmu a kai ke nan ranar da za su tafi jami'a: kada ka bi kowa wani wuri da dare, kada ka rantse wa kowa. Na san ku ba ƙungiyar asiri ba ce, amma kamannin sun yi kusa. Ga kuma halin tsaro. Mu da muka ga rikicin 2001 da na 2008 a garin nan na Jos ba ma wasa da maganar tara yara a bayan gari a kunna wuta da dare.

Nanret:
Mama, ina wuni. Ni ce sakatariyar ɗalibai, ina cikin waɗanda suka tsara abin. Ba daji za mu ba, harabar wata majami'a ce mai katanga, kuma faston wurin ya sani. Babu mai rantse wa kowa, ga Allah ake yin alkawarin.

Ku bari in faɗi dalilinmu. Yawancinmu a coci aka haife mu. Mun yi Makarantar Lahadi, mun yi Birget, mun ji wa'azin gicciye har mun haddace. Komai ta kunne yake shiga. A taron bara da na riƙe guduma da hannuna, na ji ƙusa tana shiga katako, a ranar ce Kolosiyawa 2:14 ta zama tawa, inda Bulus ya ce an soke takardar bashin da ke kanmu, an kafa ta a gicciye. Gani ya kori ji, Mama. Abin da na samu shi nake so ƙannena su samu.

Filibus:
'Yar'uwa Nanret, ban yi shakkar abin da kika ji ba. Amma a makarantar tauhidi a Bukuru abin da aka fara koya mana a kan wannan shi ne, alamu biyu Ubangiji ya bar wa ikilisiya da umarninsa: baftisma da Jibin Ubangiji. Mutuwa ga zunubi da tashi zuwa sabon rai, Romawa 6 ta ce a cikin baftisma ake nuna su. Sabunta alkawari kuma, teburin Ubangiji ne wurinsa. In muka ƙirƙiro na uku da na huɗu, masu daɗin kallo fiye da na asalin, me muke koya wa yara?

Ku tuna macijin tagulla. Allah ne da kansa ya ce Musa ya ƙera shi, mutane suka duba suka warke. Amma a zamanin Hezekiya har turare ake ƙona masa, sai da sarki ya farfashe shi. Yana cikin 2 Sarakuna 18:4. In abin da Allah ya umarta ya iya zama gunki, ina ga abin da kwamitin ɗalibai ya tsara?

Yaya Istifanus, tambaya ɗaya: cikin ɗaliban nan, nawa ne aka yi wa baftisma?

Istifanus:
Na duba rajista yanzu. Kusan rabi ba su yi ba. Wasu sun ce sun fara ajin baftisma a gida, tafiya makaranta ta katse shi.

Filibus:
To, ka ga inda gizo ke saƙar. Yaro bai yi abin da Yesu ya umarta ba, za mu ba shi wani abu da zai sa ya ji kamar ya gama.

Keziya:
Ni 'yar Katolika ce, kuma a wurinmu alamu ba baƙin abu ba ne. Muna karɓar toka a goshi ranar Larabar Toka, muna kunna kyandir a daren jajibirin Ista mu sabunta alkawuran baftisma, ana wankin ƙafa ranar Alhamis ta Makon Tsarki. Don haka ban yarda cewa alama ita ce matsalar ba. Mutum ba kunne kaɗai ba ne, yana da ido da hannu da gwiwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar zunubin. A wurinmu abin da ka furta wa Fada, ba shi da ikon faɗa wa kowa, ko da za a kashe shi. Ku wa zai riƙe amanar takardun nan daga lokacin da aka kafa su har a ƙona?

Malama Saratu:
Keziya ta taɓo inda nake so. Na daɗe ina kula da FCS, zumuntar ɗalibai Kirista, a makarantar sakandare, kuma abu biyu zan faɗa, duka na gani da idona.

Na farko. A wani taro da aka gayyace ni, an yi wannan kafa takarda. Aka ce kada kowa ya rubuta suna, aka kuma kiyaye. Amma yara 'yan aji ɗaya sun san rubutun juna. Iska ta ɗauki wata takarda kafin a kai ga wuta, wani yaro ya tsinta, ya gane rubutun. Kafin ƙarshen zango duk ɗakin kwanan mata sun san abin da ya faru da yarinyar a gidan kawunta. Ba ma zunubinta ba ne, zalunci aka yi mata, amma ita ta ɗauka nata ne, ta rubuta. Iyayenta sai da suka canza mata makaranta. Wancan lokacin ma waya ba ta yi yawa ba. Yau kowane ɗalibi yana da kyamara a aljihu.

Na biyu shi ne katin tsarki. Wannan ba daga wurinmu ya faro ba. 'Yan Baptist na kudancin ƙasar Amurka ne suka fara shirin sa hannu a kati a 1993, daga baya ya bazu, har da zobe. Nufin mai kyau ne, ni ma ina koya wa yarana su jira aure, ban taɓa sassautawa ba. Amma na zauna da wata ɗalibata da ta sa hannu tana aji biyar, ta ajiye katin a cikin Littafinta Mai Tsarki. A jami'a ta faɗi. Ta daina zuwa coci gaba ɗaya, ta daina buɗe Littafin, domin duk lokacin da ta buɗe sai ta ga katin. Abin da ta ce mini shi ne, Allah ya ga sa hannunta, ya ga ta karya, ba zai sake yarda da ita ba. Katin da aka ba ta don ya tsare ta, shi ya tsare mata ƙofar tuba. Saurayin kuwa, shi ma ya taɓa sa hannu a irin katin, amma babu wanda ya tambaye shi komai.

Sannan ku yi tunanin yarinyar da aka yi wa fyaɗe tun tana ƙarama, tana zaune a layi, kati yana zuwa hannunta, kowa yana kallo. Ta sa hannu ta ji kamar ƙarya take yi, ko ta ƙi a ce me ya sa?

Nanret:
Malama, wannan ya taɓa ni ƙwarai. Ba mu yi tunanin rubutun hannu ba. Amma ba dole muke yi wa kowa ba, mun ce wanda ya ga dama.

Malama Saratu:
'Yata, in mutum arba'in suka tashi, ana waƙa, ana kuka, shugabanni suna tsaye a gaba, na arba'in da ɗaya ba shi da zaɓi. Ba sai an ce dole ba.

Gyang:
Ku ba ni dama in kare wutar, domin ni an taɓa ƙona mini abu. Lokacin da zan tafi makaranta, ƙanin babana ya ba ni laya da zobe, ya ce kada in rabu da su, saboda mayu da masu hassada. Na ba da gaskiya ga Yesu a shekarata ta biyu, amma layar tana ƙarƙashin katifata. Tsoron taɓa ta nake yi, tsoron ajiye ta nake yi. Da na faɗa wa faston da ke koya mana, bai kunna wuta a ranar ba. Ya ce in je gida in faɗa wa babana tukuna, in dawo bayan mako guda in har ina nan a kan bakana. Na je, aka yi ta rigima, na dawo. Da la'asar, a bayan majami'a, gaban fasto da dattawa biyu, muka ƙona su. Ya karanta Ayyukan Manzanni 19, inda masu sihiri a Afisa suka kawo littattafansu suka ƙona a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Daga ranar na yi barci.

Amma ku lura, abin da aka ƙona a Afisa abu ne na gaske, mai tsada, wanda ba za su iya komawa su ɗauka ba. Layata ma haka. Takarda kuwa ba ta da tsada. Yaro zai rubuta "satar amsa" ya ƙona, amma mai sayar masa da tambayoyin jarrabawa lambarsa tana nan a wayarsa. In za a yi wuta, a fara tambayar kowa: mene ne abin na gaske da za ka rabu da shi? Wani lamba zai goge, wani bashi zai biya, wani zai je ya nemi gafarar uwarsa.

Dauda:
Ina karanta ku tun ɗazu, kuma ina jin tsoron kada mu kashe wa yaran nan zuciya da yawan hankali. Kowa yana kawo abin da zai iya lalacewa. To, in haka ne kada a yi kiran bagade ma, kada a yi alkawarin aure ma, tunda ana karyawa. Gowans da Kent da Bingham da suka sauka Legas a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar nan, samari ne, ba dattawa ba. Biyu daga cikinsu sun mutu a 1894. Da sun zauna suna auna kowane haɗari, da babu ECWA yau. Mai bishara Karl Kumm ya isa Wase a 1904, ga ikilisiyar COCIN a yau. FCS da aka kafa a Gindiri a 1957, da NIFES, zumuntar ɗalibai Kirista na jami'o'i, a 1968, da miƙa kan matasa suka tsaya. Yau matasanmu suna sa hannu a takardar bashi a waya ba su karanta ba, amma in aka ce su sa hannu don Yesu sai mu ce a yi hattara?

Mama Rifkatu:
Dauda, babu wanda ya ce kada su miƙa kai. Ni na miƙa nawa tun ina budurwa, a taron Sabon Rai, da rana tsaka, uwata tana zaune. Cewa muka yi kada a yi musu abin da zai zama musu rauni.

Baba Yakubu:
'Ya'yana, ku gafarce ni, rubutu a waya yana yi mini wuya, jikana ke taya ni. Ni ɗan EYN ne, daga wajen Garkida, inda aka yi sujadarmu ta farko a gindin tsamiya a 1923. Wankin ƙafa a wurinmu ba sabon abu ba ne, da shi muka tashi, saboda Yohanna 13. Filibus ya ce alamu biyu ne, mu muna ganin Ubangiji ya ce ku ma ku wanke wa juna, to sai mu yi. Ba zan yi gardama da shi a kan wannan ba.

Amma yadda Istifanus ya rubuta, shugabanni su wanke wa ƙanana, ba haka muke yi ba. Maza gefe guda, mata gefe guda. Ka ɗaura tawul ka wanke wa na kusa da kai, shi kuma ya karɓa ya wanke wa na gaba. Ba ka zaɓar ƙafar da za ka wanke. Na taɓa wanke wa mutumin da muka yi shari'ar gona da shi, domin shi Allah ya zaunar kusa da ni. Kuma kafin ranar, in kana da ƙulli da ɗan'uwanka, sai ka neme shi ku shirya. In shugabanni kaɗai za su durƙusa, ana ɗaukarsu hoto, to ba tawali'u za a koya wa yaran ba, za su koyi cewa akwai manya da ƙanana, yau manyan sun yi musu alfarma. A bar yaron aji ɗaya ya wanke wa shugaba. Zama a wanke maka ya fi wankewa wuya, Bitrus ma da farko ƙi ya yi.

Waya kuma a ajiye ta a waje.

Nanret:
Baba, mun gode. Wannan kam za mu gyara. Ni ban taɓa ganin an yi shi a zagaye ba.

Rabaran Bulus:
Salama. Na makara, ina wurin jana'iza a Rayfield. Na karanta komai daga farko.

Filibus yana da gaskiya a kan baftisma, kuma wannan ya kamata ya zo kafin komai. Amma kada mu ce Littafi bai san wata alama ba sai biyu. Yakubu ya kafa dutse a Betel. Joshuwa ya sa aka ɗebo duwatsu goma sha biyu daga Urdun aka kafa a Gilgal. Sama'ila ya kafa Ebenezer. Bulus ya aske kansa a Kankiriya saboda wa'adi. Ikilisiyar Antakiya ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu hannu kafin ta sallame su. Waɗannan ba a umarce mu mu maimaita su duka ba, amma suna nuna mana cewa Allah bai raina abin da ido ke gani ba.

Wurin da nake so kwamitin ya karanta kafin Asabar shi ne Joshuwa 24. Jama'a suka ce za su bauta wa Ubangiji. Mai wa'azin yau da ya ji haka da ya raba kati nan take. Joshuwa kuwa cewa ya yi ba za ku iya ba, Allah mai tsarki ne, mai kishi ne. Ya tura su baya. Da suka nace, ya ce to ku kawar da gumakan da ke cikinku. Sai bayan haka ya rubuta maganar, ya kafa dutsen a Shekem ya zama shaida. Gargaɗi ya fara zuwa, sannan rabuwa da abin na gaske kamar yadda Gyang ya faɗa, dutsen shi ne na ƙarshe. A tsarin da aka kawo ban ga inda aka ce wa yaro ba za ka iya ba. Yesu ma ya ce wanda zai gina hasumiya ya zauna ya lissafa tukuna. Mai Hadishi 5 ta ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. Alkawari kaya ne.

Dauda, na ji zafin maganarka, kuma ina tare da kai cewa kada mu sanyaya musu gwiwa. Katin alkawari yana da tarihi a aikin ɗalibai. A 1886, a taron da mai wa'azi Moody ya kira a Dutsen Harmon a Amurka, ɗalibai 100 suka sa hannu cewa suna shirye su tafi aikin bishara a wasu ƙasashe. Amma taron ya yi makonni ana nazarin Littafi, ba dare ɗaya ba. Kuma a cikin abin da suka sa wa hannu akwai sharaɗin in Allah ya yarda. Niyya suka bayyana, ba su ce sun mallaki gobensu ba. 'Yan Methodist kuma tun zamanin Wesley, daga 1755, suna da sujadar sabunta alkawari, kuma suna maimaita ta kowace shekara. Maimaitawar tana nufin sun san mutum yana faɗuwa, yana bukatar ranar dawowa. Katin ɗalibar Malama Saratu ba shi da ranar dawowa, shi ya sa ya zama mata hukunci.

Ku duba Bitrus. A daren da aka wanke masa ƙafa, a daren ya ce zai ba da ransa don Yesu, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Kafin zakara ya yi cara ya yi musunsa sau uku. Ba alkawarinsa ne ya riƙe shi ba. Yesu ya riga ya gaya masa ya yi masa addu'a, kuma bayan tashinsa shi ya neme shi a bakin teku. Duk wanda zai raba wa yara kati, ya tambayi kansa ko yana shirye ya je neman wanda ya karya.

Saboda haka tambayata ga kwamiti ba ta wuta ko kyandir ba ce. A watan Maris, bayan sanyin Disamba ya wuce, kuɗin abinci ya ƙare, jarrabawa ta matso, wa zai ƙwanƙwasa ƙofar kowane ɗalibi ya ce yaya maganar nan da ka sa wa hannu? In akwai sunan mutum a gaban sunan kowane yaro, ku yi bikinku. In babu, ku jinkirta har a samu.

Dauda:
Rabaran, na karɓi yawancin maganar. Amma har yanzu ina ganin akwai lokacin da Ruhu ke motsa zuciya, in aka ce wa yaro ya je ya yi tunani mako biyu, zafin ya wuce. Mutumin Habashan nan da ya haɗu da Filibus mai bishara a hanya, cikin Ayyukan Manzanni, a take aka yi masa baftisma.

Rabaran Bulus:
Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce zai karɓi Yesu a daren nan kada a ce masa ya jira. Ƙofar ceto ba ta da mako biyu. Amma alkawarin zan je duk inda aka aike ni, da sa hannu da shaidu, wani abu ne dabam. In zafin ba zai iya kai mako biyu ba, ba zai kai shi Yobe ko Zamfara lokacin bautar ƙasa ba.

Filibus:
Rabaran, na yarda duwatsun Joshuwa suna nan. Amma na lura an kafa su ne don tuna abin da Allah ya yi, domin in 'ya'ya suka tambaya a ba su labarin ƙetare Urdun. Katinmu kuwa duk "zan yi, zan yi" ne. In za a buga kati, a fara da abin da Kristi ya yi wa yaron, nasa alkawarin ya biyo baya.

Malama Saratu:
Wannan gyaran na Filibus na so shi. Kuma a cire layin tsarki daga katin da ake sa wa hannu a bainar jama'a. A koyar da shi sosai, maza da mata daidai, amma a yi maganarsa mutum da mai kula da shi. A kuma rubuta 1 Yohanna 1:9 a bayan katin, domin ranar da yaro ya faɗi ya juya ya ga hanyar komawa.

Dauda:
A nan ne ban yarda ba, Malama. In aka cire layin, yaran za su ɗauka mun sassauta. A zamanin nan da komai ke cikin waya, suna bukatar su ji mun tsaya a kan wani abu a fili.

Malama Saratu:
Za su ji daga bakinmu kowace Laraba. Kai ba ka zauna da waɗanda suka yi kuka a ofishina ba, Dauda. Ba zan sa hannu a tsarin da ke da layin nan ba.

Nanret:
Na yi magana da sauran shugabannin yanzu. Mun yarda a mayar da shi da rana, a gayyaci iyayen da ke cikin gari da fastocinmu, a yi wankin ƙafa yadda Baba ya faɗa, babu waya. Kati kuma a raba shi tun yanzu kowa ya tafi da shi ya yi addu'a, wanda ya shirya ya kawo. Amma gicciyen muna roƙo a bar mana. Ba sai an rubuta komai ba. Kowa ya ɗauki farar takarda, ya furta wa Allah a zuciyarsa, ya kafa ta. Babu abin da iska za ta ɗauka.

Keziya:
Farar takarda ta warware tawa damuwar.

Filibus:
Ni har yanzu zuciyata ba ta kwanta da gudumar ba, amma in za a bayyana a fili cewa ba ƙusar ce ke ɗauke zunubi ba, kuma aka sa waɗanda ba su yi baftisma ba a hanya, ba zan tare ba. Zan iya koyar da ajin ranar Asabar da yamma in ikilisiyoyinsu sun amince.

Istifanus:
Na gode muku duka. Zan kai wa kwamiti kamar yadda Nanret ta gyara. Maganar layin tsarki ba mu daidaita ba, Dauda da Malama Saratu ku zo zaman ku faɗa da bakinku, ƙarfe huɗu. Abin da ya fi damuna yanzu shi ne tambayar Rabaran. Masu kula da muke da su ba su kai ba, kowannensu yana riƙe da yara fiye da ƙarfinsa, kuma mata sun fi ƙaranci. Wanda zai iya ɗaukar ɗalibi biyu daga Janairu zuwa ƙarshen zango, ya riƙa ganinsu ko sau biyu a wata, ya rubuta sunansa a nan. In ba mu samu isassu ba kafin ƙarshen Nuwamba, za mu yi taron amma a ɗage sa hannun.

Mama Rifkatu:
Rubuta ni, 'yan mata biyu. Su zo gida Tudun Wada ranar Lahadi bayan sujada, akwai tuwo. Zan kuma sanar a Zumuntar Mata ranar Talata.

Gyang:
Ni ma, maza biyu. Na fi kusa da masu zama a Farin Gada da Naraguta.

Baba Yakubu:
Ƙafata ba ta kai ni nesa yanzu, amma in yaro zai zo Dadin Kowa, a ba ni ɗaya. Tawul da roba na wankin kuma kada ku saya, zan roƙa muku a majami'armu. Istifanus, ka faɗa mini adadin maza da na mata kafin Juma'a.